Ƙyalesu Ba Ta Ci a Hannun Kowa

Karaye, ƙasar Maiyama
9 ga Janairu, 1993

Zuwa ga taubashina Lauwali mahauci, Sabon Garin Jega.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Luba da ɗiya. Ni dai alhamdu lillahi, sai tarin da ya maƙale mini tun shigowar ɗari, da gwiwa mai ƙara in na durƙusa. Ban da su garau nake, kada ka fara murna.

Ba gaisuwa ta sa na ɗauki biro ba. An gaya mini ranar kasuwa an ga Alhaji Yaro na garinmu tsaye gaban teburinka, ka cika masa bokiti da huhu da hanji. Lauwali, mutumin da garkensa ke cike da tumaki, mi zai yi da bokitin huhu? Ko tambaya ba ka yi ba? Daga wurinka ya zarce rumfar masu maganin ƙwari ya sayo guba. Dila ce ta ɗauke masa ɗiyan tumaki biyu, shi ne ya rantse sai ya watsa naman guba a bakin fadama kaf.

Ka san sana'ata. Tun da mijina Attahiru ya rasu na gaji daginsa da tarkonsa da karyarsa Ƙyalesu. Da hantsi mu zaga fangalan albasa, ita ta shinshino ramin gafiya, ni in cusa ƙaiƙayi in kunna in yi ta fifita, hayaƙi ya koro gafiyar, Ƙyalesu na jiranta a ɗaya bakin ramin. In ba a yi hakanan ba, gafiya ta huda fangali ta ƙasa, mutum ya yini ban-ruwa ruwan na zurarewa cikin rami, albasa ta bushe a tsaye. Ranar cirar albasa kowace gona ta ba ni kwando. Da shi nake ci, ban taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba.

Na tare Alhaji Yaro a hanya na ce masa guba ba ta san dila ba, duk mai baki za ta kashe. Na ce kuma dilolin da yake zagi su ke rage mana ɓeraye da gafiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce tsohuwa ta koma ɗaki ta ja carbi. Ni! Har wasu marasa kunya sun fara cewa wai a duba karyar Gudiya, kada a ɗora wa dila laifin da ba nata ba.

Ita kam ba na jin tsoron guba a kanta. Attahiru ya hore ta tun tana kwikwiya. Sai ya yar da tsoka a ƙasa cike da barkono, ko ya ba baƙo ya miƙa mata, har ta gane abin da ba daga hannunsa ya fito ba wuta ne. Ba ta ci a ƙasa, ba ta ci a hannun kowa. Amma sauran halittun Allah fa?

In ya dawo maka da bokiti ka ce babu. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi ne namijin, saboda haka ko ka ƙi ko ka so ni ce uwargijiyarka.

Gudiya

*

Sabon Garin Jega
14 ga Janairu, 1993

Zuwa ga Gudiya sarkin yaƙin gafiya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun karanta mun sha dariya. Muna lafiya, sai ƙaramin ɗanmu da ya yi zazzaɓi ya warke. Luba ta ce ki dafa citta da kanumfari ki sha don tarin, ki kuma daina shaƙar hayaƙin ƙaiƙayi, shi ne ciwonki.

Maganar huhu kuwa, ni mahauci ne, ba alƙali ba. Mutum ya zo da bokiti na cika masa. Da zan tsare kowa in tambaye shi tukunyar da zai sa naman, da tuni na rufe teburi. Amma na ji, in ya dawo zan ce ya ƙare.

Yanzu bari in gaya miki tawa, ko za ki zage ni. Ki rabu da karen nan. Mace mai shekarunki, da jikoki a Aliero, tana yawo a fadama da dagi a kafaɗa da kare a gindi, har Jega ana ba ni labarinki ana ƙunshe dariya. Ki ba wani mafarauci ita, ki tattaro kayanki ki zo nan. Akwai ɗaki, akwai tuwo, romo kuwa sai kin ture. Alhaji Yaro mutumin mai gari ne, ba ki iya ja da shi, kuma in suka sa wa dabba ido ba za su sauke ba sai sun ga bayanta.

Kada kuma ki ce in karɓe ta, na san halinki. Ranar da aka ga kare a gidan mahauci, ranar ya gama sayar da nama a Jega. Wa zai sayi tsokar da yake zargin kare ya lasa?

Batun bauta, kakata ce babba, ita ta goyi kakanki. Ki bar wagga magana.

Naki, Lauwali

*

Karaye
24 ga Janairu, 1993

Lauwali,

Salamu alaikum. Ina gaida Luba da mai jiki. Na sha cittar, tarin na nan. Cikin haushi nake rubutun nan, ka yi haƙuri.

Sun watsa gubarsu. Washegari na fita fadama na ga abin da ban taɓa gani ba. Ungulaye zube a ƙasa fukafukai a baje. Kyanwoyin gari, muzurai, shaho, 'yan diloli ƙanana da ba su isa ɗaukar kaza ba balle tunkiya. Ƙyalesu ta bi ta tsakiyar naman nan ko kallo bai ishe ta ba. Na tsaya na yi kuka, ban ɓoye ba.

Bayan kwana kaɗan aka sake ɗauke wa Alhaji Yaro ɗan tunkiya. Ka ji hankalin mazan Karaye: wai tunda diloli sun mutu, kuma kare ɗaya ne ya ƙi mutuwa, to ita ce ɓarauniyar. Horon da ya tsirar da ita shi suka mayar shaida a kanta! Aka kira ni gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Na ce su zo in nuna musu sawu a bayan garken, sawun dila ce mai ɗingishi. Ba wanda ya ɗaga gindinsa daga tabarma. Mai gari ya ce kafin Juma'a in kashe ta da hannuna, ko samari su zo da kulake.

Na ce masa, ranka ya daɗe, ka ji da kyau. Ba zan kashe ta ba, kuma wanda ya ɗaga mata kulki ya fara da kaina. Aka ce tsohuwa ta haukace. To na haukace.

Sai dai ni kaɗai ce a gida, ba ni iya tsare ƙofa kullum. Yahaya mai motar albasa na Aliero ya yi lodi a nan, zai bi ta Jega. Na ba shi ita ya sauke maka. Na karanta abin da ka ce game da teburinka, na kuma aiko ta. Ba ni da wani sai kai.

Yanzu ka buɗe kunne, nan ne maganar take. Ba za ta ci a hannunka ba. Ni ma da ba ta ci a nawa. Sai da Attahiru ya kwanta ciwon ajali ya kira ni, ya sa tsoka a tafina, ya tallafi hannuna da nasa ya miƙa mata, sannan ta ci. Hakanan mafarauta ke miƙa kare ga wanda zai gaje shi. Ba halin in zo in yi maka haka. Shi ya sa na ƙunso ƙwaryar cinta da tsohon kallabina, wanda nake goge hannu da shi in na ba ta abinci. Ka naɗe hannunka da shi ka miƙa mata, za ta ji warina ta ci. Baƙi ƙirin yake da dauɗa, na sani. Kada a wanke shi. Ko ruwa kada ya taɓa shi.

Gudiya

*

Sabon Garin Jega
27 ga Janairu, 1993

Gudiya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, amma ni raina a ɓace yake.

Wanga wane irin wulaƙanci ne? Ina zaune ƙofar gida Yahaya ya tsaya da mota, ko kashe ta bai yi ba, ya sauko mini da kare da igiya a wuya da wani ƙunshin tsumma. Ya ce wai kin ce in riƙe. Na ce ina takarda? Ya lalube aljihu ya ce tana cikin mota, zai miƙo mini, sai aka ce an sami mai a wani gidan mai can gaba, ya faɗa mota ya ja. Legas ya nufa. Kin san wahalar man da ake ciki, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

Na gaya miki baki da baki, a rubuce, kada ki yi mini haka. Maƙwabta suna tsaye suna kallo. Na ja ta bayan gida na ɗaure a tsohon madafi, na jingina zana.

Ƙunshin kuwa, Luba ta kwance ta kusa amai. Ƙwarya duk yawun kare, da wani kallabi da ko tsumman goge tukunya ya fi shi. Kin san Luba ɗiyar malamai ce. Ta ce abin da kare ya lasa ba zai kwana a gidanta hakanan ba. Ta wanke su wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mata, ta bi kallabin da sabulu da toka ta shanya. Ashe ja ne! Ta ce in gaya miki ta yafe ladan wanki.

Karyar taki ba ta haushi, wannan kam na yaba mata. Kwance take, haɓa a kan ƙafafu, ido a ƙofa. Ruwa take sha kawai. Na zuba mata tsoka mai kyau ta kau da kai. Na tuna kin ce ba ta ci a hannun baƙo, amma yunwa ba ta san horo ba, in ta ciwo ta za ta ci. Baƙunta ce.

Ki aiko a ɗauke ta. Na ba Sadiq mai kaji na garinku wagga takarda, ya ce gida zai wuce.

Lauwali

*

Karaye
3 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga bawana Lauwali, mai kiwon kare.

Salamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Tarin ya ɗan kwantar da ni, amma yau dariya ta tashe ni zaune.

Na ji ka shiru, ko layi ɗaya, na ce fushi yake yi, zai huce. Sai ga maƙwabciyata Tabawa mai daddawa ta dawo daga kasuwar Jega. Na sa ta leƙa gidanka. Ta ce ba ta same ka ba, Luba ta fita unguwa, amma ta leƙa bayan zana ta ga Ƙyalesu kwance a inuwa, ga ƙwarya a gabanta cike da tsoka har ƙuda na bi. Na ce kai! Karyar da ke rabon gafiya ɗaya da ni, yau ita ce ke ci ta bar saura? Allah ya yi maka albarka, Lauwali. Bakinka ne kawai mugu.

Yanzu sha labari. Ƙyalesu na Jega, aka sake ɗauke ɗan tunkiyar Alhaji Yaro! Na ɗaura zane na tafi har bayan garken, ina tari ina tafiya. Sawun nan dai, ƙafar baya ɗaya na ja. Tsohuwar dila ce, ta ga duniya, ba ta cin mushe. Na san kwazazzabon da take kwana. Na dubi Alhaji na ce, ko karyata ta hau mota daga Jega ta zo ta koma? Ya juya ya shige garkensa.

Fadama kuwa ta zama rariya. Ba dila, ba muzuru, ba shaho, ba Ƙyalesu, ni kuma na jingine dagina. Gafiya har da rana take fitowa. Alhaji Yaro ya ƙona man da ya sha wuya ya samu, injinsa na ta ruri, ruwa na shiga fangali yana ɓacewa. Samari sun gwada hayaƙi, sun turara ramin da ba kowa ciki, gafiya na kallonsu daga wani.

Shekaranjiya aka turo mini dattawa biyu. Wai a yi haƙuri, a dawo da kare a ci gaba da aiki, abin da ya wuce ya wuce. Na ce a ina aka yanke mata hukuncin kisa? Suka ce gindin tsamiya. Na ce to a gindin tsamiya za a janye shi, da bakin da ya faɗa, a gaban mutanen da suka ji. Ba a zagina a dandali a ba ni haƙuri a zaure. Suka ce mai gari ba ya cin maganarsa. Na ce to albasa ta bushe.

Saboda haka ka riƙe ta. Ko wata guda ne, ko biyu. Ta ci ta yi ƙiba, ni kuwa ina nan zaune sai sun sauko. Kallabin dai a kula da shi.

Uwargijiyarka, Gudiya

*

Sabon Garin Jega
6 ga Fabrairu, 1993

Gudiya,

Salamu alaikum. Mu lafiya. Ƙyalesu ba lafiya.

Yau takardunki biyu suka iso tare. Yahaya ya dawo daga Legas ya miƙo mini wadda ya tafi da ita, duk ta yi baƙi da mai. Ta biyu ɗan Tabawa ya kawo. Da na karanta na gane tawa ba ta same ki ba. Na bincika, ashe Sadiq mai kaji rasuwa aka yi masa a garin Kashin Zama, can ya zarce da takardata a aljihu.

Gudiya, ba ta ci komai ba tun ranar da aka sauke ta. Ƙwaryar da Tabawa ta gani cike, cike take don ba a taɓa ba. Kullum in zuba sabo in kwashe na jiya. Kallabin kuwa tun ranar farko Luba ta wanke shi tas, ba mu san amfaninsa ba. Da na karanta mata inda kika ce ko ruwa kada ya taɓa shi, ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Tun ɗazu kuka take.

Na naɗe hannuna da shi duk da haka na miƙa mata hanta. Ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Ba abin da ban gwada ba. Tsoka, ɓargo, romo, fura da nono. Har gafiya na sa aka kamo mini. Na buɗe bakinta da ƙarfi na tura, ta tofar, kuma ba ta cije ni ba. Da ta cije ni da ya fi mini sauƙi.

Haƙarƙarinta duk a waje. Jiya ta tashi za ta sha ruwa ƙafafun baya suka ƙi. Shekara nawa ina yanka dabba ban taɓa jin komai ba, yau ga ni na kasa cin tuwo saboda kare. A gidan mahauci, Gudiya, nama rataye ko'ina, dabba na mutuwa da yunwa.

Ki bar rigimar tsamiya. Ki zo. Ƙanen Luba zai kawo miki wannan a kan babur, ya jira amsa.

Lauwali

*

Karaye
6 ga Fabrairu, da la'asar

Lauwali,

Inna lillahi. Ina nan ina dariya ina cika baki, ita tana can tana jirana.

Ba ni iya zuwa. Na gwada hawa babur ɗin, tari ya turnuƙe ni na zube, sai da Tabawa ta kama ni. Ka ce wa Luba ta share hawaye, tsabta ta yi, ba laifi ba.

Ka kawo ta. Na san hukunci na nan ba a janye ba, na san samari na da kulake. Kada ka biyo ta bayan gari, kada ka rufe ta da buhu. Ka shigo da rana tsaka ta gaban tsamiya, kowa ya gani. Ba ɓarauniya ba ce da za a shigo da ita a ɓoye. Zan sa a fitar mini da tabarma in zauna a bakin hanya da dagina. Mai son ya taɓa ta ya zo ya same ni.

Ka yi sauri don Allah. Ban taɓa roƙonka ba.

Gudiya

*

Sabon Garin Jega
11 ga Fabrairu, 1993

Gudiya,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, sai cinyoyi da suka ƙi lanƙwasuwa. Ƙaƙa jikinki? Luba ta aiko da zuma, ki sha, ba ta ado ba ce.

Ranar nan ba mu samu zama ba, ban ba ki labarin yadda na fito ba. Ba ta iya tafiya, sai na shimfiɗa buhu a babban daron da nake ɗaukar nama, na kwantar da ita, na ɗora a ka. Hanyar tasha kuwa ta tsakiyar kasuwa take. Na bi ta layin mahauta, ta gaban teburina. Sarkin fawa ya miƙe tsaye ya ce, Lauwali, lafiyarka? Kare a daron nama? Na ce ƙanwata ce ba ta da lafiya. Wata mai sayen nama a wurina tun ina saurayi ta tofar da yawu ta juya.

A tasha mota ɗaya ce mai zuwa Maiyama, direban ya ce ko a kan rufi ba zai ɗauki kare ba. Babur ɗin ƙanen Luba ba mai. Na koma na ari keke, na ɗaure daron a baya. In na yi nisa in tsaya in jiƙa tsumma in matsa mata ruwa a baki. Da muka fara jin warin albasar fadamarku ta ɗaga kai. Wallahi ta ɗaga kai.

Abin da ba zan manta ba shi ne ke a bakin hanya, zaune a tabarma, dagi a cinya, kina tari kina harare-harare, samari tsaye da kulake sun rasa inda za su sa ido. Da dogon nan na cikinsu ya matso, kika ce masa ke kika yanke masa cibi, ya zo ya gwada. Na ga kulkin ya koma bayan riga. Mai gari na zaune gindin tsamiya yana kallo na wuce da keke ta gabansa, na yi masa sallama, ya amsa.

Teburina kuwa, yadda na faɗa hakanan ya zama. Tun da na dawo rabin naman ke kwana. Na sayi sabon daro na rataye tsohon a bango inda kowa zai gani. Wanda ya tambaya in ce e, shi ne, kuma gobe ma in ta kama zan sake. Su je su saya wurin wanda bai taɓa ɗaukar amana ba.

Na baro ta tana lasar romo a tafinki. Ki gaya mini gaskiya, ta tashi?

Lauwali

*

Karaye
19 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga ɗan'uwana Lauwali.

Wa alaikumus salam. Zumar ta iso, ka yi wa Luba godiya. Tarin ya yi sauƙi da rana. Azumi ya ƙarato, Allah ya nuna mana.

Ta tashi. Da romo muka fara, sai hanta 'yar mitsitsi, yanzu har ƙashi take gurgura. Jiya ta bi ni fadama tana tangaɗi, ta tsaya kan wani rami ta dube ni. Na kunna ƙaiƙayi. Gafiyar ta fi ta gudu ta tsere, amma ramin daidai ne.

Tsohuwar dilar kuwa na gama da ita. Na sa Tabawa ta rakani kwazazzabo na kafa tarkon Attahiru a kan hanyar da take bi, ba nama, ba guba, ƙasa kawai na rufa. Ta faɗa. Ga ƙafar nan shanyayya, ga gashin tunkiya a bakin raminta. Na sa aka ja ta har gindin tsamiya bayan sallar Juma'a, mutane cike. Na ce ga ɓarauniyarku, guda ɗaya ce, kun kashe dajin Allah kaf saboda ita. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce a bar karyar Gudiya ta yi aikinta. A hankali ya faɗa. Na ce ranka ya daɗe, kunnena ya tsufa. Ya sake faɗa da ƙarfi.

Na fara da fangalan Tabawa, sai na marayun Malam Usama. Alhaji Yaro ya aiko sau biyu. Na ce ana bin layi, shi ne na ƙarshe, kuma sai ya tono sauran gubarsa ya ƙona a gabana.

Maganar teburinka ta tsaya mini a rai. Ba ni da abin da zan ce sai Allah ya mayar maka. Masu tofar da yawu za su gaji, ba mai iya gyara tsoka kamarka a Jega, su ma sun sani.

Saura magana ɗaya. Da za ka tafi, ka tuna na ce ka wanke hannu ka zo ka riƙe mini 'yar hanta, wai hannuna na rawa? Na shimfiɗa jan kallabin a tafina na tallafi hannunka ta ƙasa, muka miƙa mata. Ta dube ni, ta dube ka, ta ci. Ka yi dariya ka ce yunwa ce ta karya ta. Na ga idonka, Lauwali. Ka riga ka karanta a takardata yadda Attahiru ya miƙa mini ita, ka san abin da na yi, ka yi kamar ba ka gane ba don kada ka yi kuka a gaban Tabawa.

Hannuna ba ya rawa. Tarin ne ba na so, irin na Attahiru ne, na san muryarsa. Ba na ce gobe zan tafi ba, kada ka fara kwaɗayin gadon dagina, sai na ga albasar Alhaji Yaro a kwandona tukuna. Amma ranar da aka aiko maka, kada ka tsaya neman mota. Ka ari keken nan ka ɗauro daro.

Yanzu hannu uku ta sani a duniya. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya ga shi yana rubutu, na ukun naka ne. Ban tambaye ka ba, don na san da na tambaya cewa za ka yi a'a.

Ga kallabin nan na aiko wa Luba, ta ɗaura. Ba a buƙatarsa kuma.

Uwargijiyarka har gobe,
Gudiya